Kujerar Malami, Ta Wa Ce?

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da masu jiran aikin koyarwa a makarantun gwamnati. Tana tasowa a fada ana shan shayi, tana tasowa a inuwar bishiya bakin ofishin ilimi, tana tasowa cikin rukunin WhatsApp inda ake yi wa juna cigiyar labarin ɗaukar ma'aikata. Tambayar ita ce: mutumin da ya yi karatu, ya cancanta, ya shekara uku ko biyar yana ajiye takardu ba a kira shi ba, idan aka nuna masa wata ƙofa ta baya, aka ce ya ba da wani abu ko ya samo wani babba ya sa baki, laifi ne ya bi ta? Wasu da jin tambayar sai su ce haramun ne, su kaɗe riga su tashi. Wasu kuma su ce ai kowa haka yake yi, a daina wahalar da kai. Duka amsoshin biyu sun yi gaggawa. Ta farko ba ta dubi halin mai nema ba, ta biyu kuwa ta manta da wani mutum da ke cikin zancen, wanda ba a taɓa gayyatarsa wurin shawara.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san inda maganar ta samo asali. A nan Nijar, kusan rabin al'umma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kowace shekara ƙaruwa suke yi. Buƙatar malamai ba ta taɓa raguwa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin biyan su. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka matsa wa gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya aka mayar da su 'yan kwantiragi. Tafiya ta yi tafiya har suka zama su ne mafi yawa a cikin azuzuwa, inda a tsakiyar shekarun 2010 aka riƙa ƙiyasta cewa sun kai kusan kashi 4 cikin 5 na malaman ƙasar. An daɗe ana biyan su ɗan abin da ake kira pekil, tsakanin jika 75 zuwa jika 100 a wata, shi ma sau da yawa a makare. Saboda haka layin jira biyu ne. Akwai wanda ke neman a ɗauke shi ko da kwantiragi ne, akwai kuma ɗan kwantiragin da ya shekara da shekaru yana jiran matirkil, wato lambar da za ta mayar da shi cikakken ma'aikacin gwamnati mai hanyar ƙarin girma da fansho.

Neman kansa ma aiki ne mai cin kuɗi. Wanda ya gama makarantar horon malamai, ko ta Askiya Muhammad a Damagaram, ko ta Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, ko ta Kawusan a Tawa, ko ta Mali Bero a Doso, zai fara ne da haɗa dosiye. Takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, takardar likita, kwafin shaidar karatu da hukuma ta buga wa hatimi, hotuna, tambur. Takardar kotun nan wata uku take yi ta mutu, don haka in sanarwa ta yi jinkiri sai a sake nema. Wanda ke ƙauye zai biya kuɗin mota zuwa birni, ya kwana a zauren wani, ya dawo. Duk wannan kuɗi daga aljihun mutumin da ba shi da albashi yake fita, ko daga akuyar mahaifiyarsa. A gefe guda kuma shekarunsa suna tafiya, alhali shiga aikin gwamnati yana da iyakar shekaru.

Kowa da yadda yake rufa wa kansa asiri kafin a kira shi. Wani yana koyarwa a makarantar kuɗi da albashin da bai kai na ɗan kwantiragi ba. Wani yana bin gidaje da yamma yana yi wa 'ya'yan masu hali ƙarin darasi. Wani ya hau kabu-kabu, wani ya kafa teburin sayar da katin waya, wata tana ɗinki ko tana sayar da atamfa bashi. Wasu sun koma gona, wasu sun tafi ci-rani, wasu sun nufi wuraren haƙar zinari a arewa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke abin kunya. Abin da ke cin rai shi ne tambayar da ake yi wa mutum a kowane suna da kowane biki: har yanzu shiru? Da kuma ranar da ya ga sunan wanda ya san bai kai shi ba ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka. A irin wannan ranar ce zancen ƙofar baya ke shiga kunne.

Ba a cika kiran abin da sunansa ba. Ana cewa goro, ko kuɗin shayi, ko kuɗin mai, ko a ce a je a gaida wane. Wannan ba sabon salo ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwa da wannan suna nata na Hausa cikin ɗabi'un masu mulki da ya soka. Shekara ɗari biyu ke nan da ɗoriya, kalmar tana nan, aikinta ma yana nan. Amfanin laƙabi mai laushi shi ne ya sa mai bayarwa da mai karɓa su iya haɗa ido. Amma mu da muke son fahimta, bari mu ajiye laƙabin, mu dubi hujjojin mai bayarwa, domin yana da su, kuma ba na wasa ba ne.

Hujja ta farko ita ce: haƙƙina nake karɓa. Na yi karatu, na ci jarrabawa, wasu ne suka tare hanya, in na biya su don su kauce, zunubin nasu ne. Wannan magana tana da tushe a fiƙihu. Malamai da dama sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙi, ba shi da wata hanyar karɓo shi sai ya ba da wani abu, suka ce laifin yana kan mai karɓa. Wasu kuma, irin su Shaukani, ba su yarda da wannan rangwame ba. Ko da mun bi masu sauƙaƙawa, sai mu tambaya: mene ne haƙƙin a nan? Idan malami ya yi aikin wata shida aka riƙe kuɗinsa, wannan kuɗi nasa ne, ba mai ja. In ya karɓo shi, ba wanda ya rasa komai. To amma gurbin aikin da mutum dubu ke nema, aka ce ɗari za a ɗauka, bai zama na kowa ba tukuna. Abin da ke naka a matsayinka na mai nema shi ne a duba takardarka da adalci, a auna ka da ma'aunin da aka auna kowa. Kuɗin da ka ba da ba wannan ya saya maka ba. Ya saya maka a daina auna ka. Kuma tun da guraben ƙidayayyu ne, shigarka ta fitar da wani, wanda ba ka san sunansa ba, mai yiwuwa ma ya fi ka daɗewa a layi, mai yiwuwa shi ba shi da akuyar sayarwa. Rashin ganin fuskarsa ne kawai ya sa abin ya zo da sauƙi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Mai nema zai ce: in na ƙi biya, ba mai cancanta ne zai samu ba, wani ne da ko takardar neman aiki bai iya rubutawa ba. Gara ni na shiga, ko ba komai yara za su amfana. Wannan magana tana iya zama gaskiya a kan mutum ɗaya. Matsalarta ita ce ba wanda ba ya faɗin ta. Duk wanda ya taɓa bin ƙofar baya ya gaya wa kansa cewa shi ya cancanta. Mutum ba ya zama alƙalin kansa, shi ya sa aka ƙirƙiro jarrabawa tun farko. A watan Yuli na 2017, ma'aikatar ilimin firamare ta Nijar, lokacin Dauda Mamadu Marte yana minista, ta yi wa dubun-dubatar 'yan kwantiragi gwaji, sai kimanin kashi 1 cikin 3 ne suka sami rabin maki ko fiye. A shekarar nan dai, a jihar Kaduna ta Nijeriya, malamai 21,780 daga cikin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya a gwajin da aka ɗauko daga darasin aji huɗu na firamare. Ƙungiyoyin malamai a ƙasashen biyu sun soki yadda aka gudanar da gwajin, kuma ba adalci ba ne a ce duk wanda ya faɗi ta baya ya shigo, domin da yawa an tura su aji ne ba tare da horo ba. Amma akwai darasi ɗaya da ba ya musantuwa: kafin ranar gwajin, da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da zai ce shi bai iya ba. In ma'auni ya koma abin da mutum yake ji game da kansa, haɗe da abin da ke aljihunsa, to babu ma'auni ke nan.

Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba sa lissafawa, wato bashin da ke bin mutum har cikin aji. Wanda ya ci bashi ya sayi aiki, watanninsa na farko na mai bashi ne, hankalinsa yana wurin yadda zai mayar da kuɗinsa. Wanda aka sa wa baki kuwa ya ɗauki wani bashin da ba a biya da kuɗi. Gobe in aka tura shi ƙauye mai nisa, wurin wanda ya shigar da shi zai koma a bar shi a birni. In ya yi fashin aiki, shugaban makaranta zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta shi, don ya san wanda ke bayansa. Haka ake wayar gari makarantun birni sun cika da malamai, a ƙauye kuwa malami ɗaya yana fama da aji biyu ko uku a rumfar kara. Wanda ya shiga da niyyar taimakon yara sai ya tarar ƙofar da ya bi ta riga ta zaɓa masa irin malamin da zai zama.

Hujja ta uku ita ce larura. Uwa ta tsufa, uba ya sayar da gona ya yi maka karatu, mata tana da ciki, mai gidan haya yana sallama kullum. Wanda bai taɓa kwana da wannan tunani ba, ya yi hattara da saurin hukunci. Larura tana rage nauyin laifi, ba shakka. Sai dai wanda aka ture daga layi shi ma yana da uwa. Larurarka ba ta ba ka ikon ɗora ta a kan wani mai irin larurarka ba. Mai jin yunwa in ya ɗebi hatsi a rumbun mai wadata, mutane suna iya kau da kai. In ya fizge ƙwaryar wani mayunwaci ɗan'uwansa fa?

Yanzu sai mu zo ga wanda na ce ba a gayyatarsa shawara. Duk gardamar nan ana yin ta ne kamar kujerar malami dukiya ce tsakanin mai nema da mai bayarwa. Mai bayarwa yana ganin tasa ce, yana iya sayarwa ko ya yi kyauta da ita. Mai nema yana ganin ladan wahalarsa ce. Amma ba don ɗayansu aka kafa kujerar ba. An kafa ta ne don yarinya 'yar shekara bakwai da ke ajin farko a wani ƙauyen Mayahi ko Magariya, wadda iyayenta ba su yi boko ba, ba su da kuɗin makarantar kuɗi, ba su da wanda zai yi mata ƙarin darasi da yamma. Malamin da aka turo mata shi ne duk rabonta. In ya iya, ta iya karatu. In bai iya ba, za ta yi shekara shida tana zuwa tana dawowa, ta fita ba ta iya karanta wasiƙa ba, a ce ai ba ta da ƙwaƙwalwa. Ɗan mai hali yana da mafita, ita ba ta da ita. Kujerar tata ce. Ma'aikacin da ke rarraba guraben wakili ne kawai da aka ba amana, kuma wakili ba ya sayar da abin da aka ba shi ajiya, ba ya kyauta da shi.

Wannan ne ma ke warware zancen sa baki, wanda ya fi na kuɗi rikitarwa, domin yana sanye da rigar zumunci. Ba duk sa baki ne ɓarna ba. Idan tsohon malaminka ya ce, na san wannan yaro, na ga koyarwarsa, a duba takardarsa da kyau, shaida ya bayar, kuma shaidar gaskiya tana taimakon mai zaɓe ya zaɓa daidai. Haka in an ɓatar da dosiyenka da gangan, wani ya tsaya aka nemo shi, gyara ya yi. Amma in maganar ita ce, wannan ɗan ƙanwata ne, a sa sunansa ko me ya samu, to an ɗauki abin yarinyar nan an yi zumunci da shi. Hanyar gane bambanci mai sauƙi ce: za ka yarda a faɗi abin da aka yi maka a gaban sauran masu nema? Shaida ba ta tsoron rana. Ɗayan kuwa sai da rufe ƙofa.

A nan dole mu ma mu karɓi rabonmu na laifi. Mu ne muke zagin ma'aikaci da cin hanci da safe, da yamma kuma mu aika masa da takardun ɗanmu. In ya ce a bi layi, sai a ce ba shi da amfani, ya shiga gwamnati ya manta da danginsa, a riƙa ba da labarinsa a wurin makoki. Mun mayar da riƙon amana yanke zumunci. Muddin mai uwa a gindin murhu ne muke yi wa kallon mai sa'a, ba za mu rasa masu tsallake layi ba.

Duk da haka, kada a fahimci cewa laifin kowa ɗaya ne. Wanda ke zaune a ofis da albashinsa, ya mayar da yunwar matasa kasuwa, ya fi wanda ya miƙa masa kuɗi da hannu yana rawa nauyin alhaki nesa ba kusa ba. Akwai ma inda mai nema ba shi da laifi ko kaɗan, kamar macen da aka nemi wani abu da ba kuɗi ba a wurinta kafin a duba takardarta. Wannan zalunci ne tsantsa, kuma shirun da take yi don tsoron bakin mutane wani zaluncin ne a kan na farko. Akwai kuma 'yan damfara da ke karɓar kuɗi da sunan suna da hanya, alhali ba su san kowa ba, sun dai san wanda aka cuta ba zai iya kai ƙara ba.

Hukuma kuwa, ko da ba ta da kuɗin ɗaukar kowa, akwai abin da ba ya cin kuɗi da take iya yi. Ta faɗi yawan guraben tun kafin a fara. Ta faɗi ranar da sakamako zai fito, ta cika alkawari. Ta manna makin kowa a bango, wanda ya samu da wanda bai samu ba. Ta buɗe ƙofar ƙorafi wadda mai ƙorafi ba zai ji tsoron shiga ba. Ƙasashen da ke kewaye da mu ma suna fama da wannan neman ma'auni. Gana, alal misali, ta fara jarrabawar lasisin koyarwa a 2018. Jarrabawa kaɗai ba ta isa ba, don ita ma ana iya sayar da ita, amma duk abin da aka yi a fili ya fi wuyar saye. Duhu ne jarin dillalin aiki. Mutumin da ya ga makinsa, ya ga na wanda ya fi shi, zai ji zafi amma zai san abin da zai gyara. Wanda aka bari cikin jita-jita kuwa, ko an yi adalci ba zai yarda ba, kuma badi shi ma zai nemo nasa goron.

To, mai jira fa, me ya rage masa? Ba zan ce masa ya yi haƙuri kawai ba, domin an daɗe ana amfani da kalmar haƙuri wajen rufe bakin wanda aka zalunta. Haƙurin da ke da daraja shi ne wanda ke tare da motsi. Ya ci gaba da koyarwa duk inda ya samu, don hannu ya saba, kada ilimin ya yi tsatsa. Ya haɗa kai da 'yan'uwansa masu nema, su yi bitar jarrabawa tare, su yi karo-karon kuɗin mota, su tambayi hukuma da murya ɗaya a kan maki da ranaku, domin abin da mutum ɗaya ke tsoron tambaya, mutum ɗari ba sa tsoro. Ya kuma yarda a tura shi inda ake buƙatarsa, ko da babu lantarki. In kuwa ya ga shekaru suna ƙurewa, kama wata sana'a ba faɗuwa ba ce.

Ba zan yi wa kowa alkawarin cewa wanda ya ƙi ƙofar baya lalle zai samu ta gaba ba. Wasu sun ƙi, kuma har yau ba su samu ba. Wannan hasara ce ta gaske, kuma wanda ya ɗauke ta ya cancanci girmamawa daga gare mu, maimakon dariyar da muke yi masa cewa bai san duniya ba. Amma aikin malami ya bambanta da sauran ayyuka ta wata fuska. Wata rana zai tsaya a gaban yara sittin ranar jarrabawa, ya ce kowa ya dubi takardarsa, kada wanda ya leƙa ta wani. Wata rana wani uba zai zo masa da goro a kan a ƙara wa ɗansa maki. Abin da zai iya faɗa a wannan rana, da irin muryar da zai faɗe shi, tun a bakin ƙofar shiga aiki ake yanke su.